Babura a Tsakiyar Tseren Keke: Rakiya Suke Yi Ko Taimako?

Wai me babura suke nema a cikin tseren keke? Kuma idan babur yana gaban mai keke, hanya yake buɗe masa ko jansa yake yi?

Tambayar ta fara yawo a bakin mutanenmu tun watan Satumba na 2025, lokacin da birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Da yawa a lokacin suka fara tsayawa kallon wannan wasa, ko da guntayen bidiyo ne a waya. Ni a garejin bakanikena aka yi mini ita. Na kai babur a ɗaure mini ceni, ina zaune a benci ina kallon Tadej Pogacar na Sulobeniya yana hawan tudun Kigali shi kaɗai, sai bakaniken ya leƙo ta kafaɗata da sifana a hannu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, wannan ai cuta ce. Ga mashin a gabansa, ga mashin a bayansa. Ko ni aka ba wannan rakiya ai na ci." Na ce, "Haba Injiniya, kai da ko kwanar gidanku sai ka tayar da mashin." Muka yi dariya. Sai dai maganarsa ba duka ce shirme ba. Rabinta gaskiya ce, kuma a kan wannan rabin su kansu masu tseren suka daɗe suna kai ruwa rana da masu shirya gasa.

Da wa ake tseren?

Wanda ya saba da babur yana auna tsere da ƙarfin inji: wa ya fi totur, wa ya fi iya kwanciya a kwana. Da wannan ido idan ka kalli tseren keke, abin da za ka gani mutum ɗari da wani abu ne cunkushe wuri guda suna tafiya awa huɗu ko biyar, babu mai wuce wani, kamar masu rakiyar amarya. Dole ka ce wannan ba tsere ba ne.

Abin da ba ka gani shi ne iska. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, idan mai keke ya kai gudun kilomita 45 ko 50 a awa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa a ture iska yake ƙarewa. Kuma iska ba ta da sauƙin ciniki: in kana so ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da za ka kashe wajen ture ta sai ya ninka sau takwas. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu da safe ya san wannan a cinyoyinsa tun kafin a gaya masa. Haka duk ɗan babur ya san yadda idan ka matsa kusa da bayan tirela a babbar hanya iska take ɗauke maka, mashin ya yi sakayau, ka ji totur ya yi maka yawa. Da ka fito gefe za ka wuce, sai ta buge ka a ƙirji.

To tseren keke gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi. Gwanin gwanaye, idan yana hawan dutse, ƙarfin da yake fitarwa bai wuce wat 400 da 'yan kai ba, wato ɗan sama da rabin ƙarfin doki ɗaya a ma'aunin injuna. Boxer ɗin achaɓa tana da ƙarfin doki bakwai zuwa takwas. Mutumin da jarinsa bai fi rabin doki ba, ba zai yarda ya zubar da shi a banza ba, shi ya sa kowa yake laɓewa bayan wani. Wani farfesa ɗan Beljiyam, Bert Blocken, wanda ya yi aiki da jami'o'in Eindhoven da Leuven, ya auna tarin masu keke 121 a shekarar 2018, ya gano cewa wanda yake can cikin tarin ta wajen baya, iskar da take dukansa kashi 5 zuwa 10 ce kacal cikin 100 na wadda zai sha da shi kaɗai ne. Na gaba yana zufa, na ciki yana hira yana cin ayaba.

Ayari, zango da madugu

Faransawa suna kiran wannan tarin peloton. Ni ayari nake ce masa, don tsarin fatake ne sak. Babbar gasa irin Tour de France, wadda jaridar L'Auto ta ƙirƙiro a 1903 don ta ƙara kasuwa, ana yin ta ne zango-zango: zango 21 cikin mako uku a watan Yuli, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Kowane zango yana da wanda ya ci shi, amma gwarzon gasa shi ne wanda idan aka tara lokacinsa na dukkan zanguna ya fi na kowa ƙanƙanta. Shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa za ka ga wani ya riga kowa shiga Paris ranar ƙarshe, amma wani daban, wanda ya iso a tsakiyar ayari yana murmushi, aka miƙa wa kofi.

Kowace ƙungiya mutum takwas ce, madugu ɗaya, sauran yaransa. Su suke shan iska a gabansa, su suke komawa baya wajen motar ƙungiya su cika riga da gorunan ruwa su kawo, idan tayarsa ta yi faci wani ya sauka ya ba shi kekensa. Faransawa ba su ɓoye ba, baran gida suke ce wa irin wannan mai tsere. Akwai kuma 'yan ɓallewa, mutum uku ko biyar da za su fice tun da safe su yi ta gudu a gaba suna karɓa-karɓar shan iska, ayari yana bin su da lissafi, yawanci ya haɗiye su saura 'yan kilomita. Akwai koriyar riga ta mai tara maki a gudun ƙarshe, wadda Biniam Girmay na Iritiriya ya ci a 2024 bayan ya lashe zango uku, abin da wani baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa yi ba.

Wanda yake shakkar cewa iska ce ke raba gardama, ya tuna Tour de France ta 1989. Laurent Fignon na Faransa ya shiga zangon ƙarshe yana gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50. Zangon na gudun kai-kaɗai ne, inda kowa yake tashi shi ɗaya ana auna lokacinsa, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa da suke haɗe masa hannuwa wuri guda, ya sa hula mai tsini ta baya. Fignon ya fito kai babu hula, gashi ɗaure yana lilo. Bayan mako uku ana fama, LeMond ya ci gasar da sakan 8.

Baburan nan na su wa ne?

Ba na masu tsere ba ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. A babbar gasa gommai ne.

Akwai na jami'an tsaro masu share hanya. A Tour de France jandarmomi ne na rundunar Garde républicaine. Akwai na alƙalan tsere, masu sa ido kada wani ya riƙe mota ko ya ture ɗan'uwansa. Akwai masu tsara zirga-zirgar ababen hawa a cikin tseren, su ke ba da izinin wa zai wuce, wa zai dakata. Akwai na likitoci, akwai masu ɗauke da tayoyi don duk wanda ya yi faci ko daga wace ƙungiya yake, akwai masu raba ruwa. Wanda ya fi burge ni shi ne mai allo: yana zaune a bayan babur da ƙaramin allo da alli, yana rubuta tazarar da ke tsakanin 'yan ɓallewa da ayari yana ɗaga musu, a zamanin da kowane mai tsere yake da rediyo a kunne.

Sai kuma waɗanda rigimar take kansu: masu kyamarar talabijin da masu ɗaukar hoto na jaridu. Ɗan babur da ya san hannunsa dole ya sara wa direbobin nan. Mutum yana tuƙa ƙaton mashin, a bayansa wani yana tsaye kan takalmin ƙafa da kyamara a kafaɗa, yana juyawa hagu da dama yana sauya masa nauyi, ga jama'a sun cika hanya, ga masu keke suna gangarowa daga dutse da gudun kilomita 90, wani lokaci har 100. A kwana mai kaifi keke ya fi babur sauri, don bai da nauyi. Ƙa'ida ma ta ce kada ya gaza kilo 6.8, kuma yawancinsu ba su wuce hakan da yawa ba. Direban da ya yi sanyin totur a fitowa daga kwana, sai dai ya ji keke a salansarsa.

Inda Injiniya ya yi gaskiya

Tun da laɓewa bayan ɗan'uwanka mai keke tana rage iska, ina ga laɓewa bayan babur mai mutum biyu a kai? Blocken ya auna wannan ma. A gudun kilomita 54 a awa, idan babur yana gaban mai keke da mita biyu da rabi ko ɗan fiye, iska tana raguwa da kashi 48 cikin 100. A mita 10, kashi 23. A mita 30, tazarar da mai kallo zai rantse babu ruwan wani da wani, har yanzu kashi 12 ne, abin da ya haura sakan 2 a kowace kilomita. A mita 50 ma akwai saura, kashi 7. Abin mamaki, ko a baya babur yake, idan ya manne sosai yana ɗan rage wa na gabansa jan da iska take yi masa ta baya.

Sai a haɗa wannan da sakan 8 ɗin LeMond.

Babu wanda yake musun ƙarfin wannan laɓewa, don akwai wasannin da a kanta aka gina su da gangan. Tsohon tseren Bordeaux zuwa Paris, wanda ya kusa kilomita 600, ana yin kashi mai yawa nasa ne a bayan wasu ƙananan babura da ake kira derny. Keirin na Japan, wanda aka fara a 1948 kuma yau yana cikin wasannin Olamfik, babur ne yake jan masu keke har su ɗauki gudu sannan ya kauce. A 2018 wata Ba'amurkiya, Denise Mueller-Korenek, ta yi gudun kilomita 296 a awa a kan keke tana laɓe bayan motar tsere a filin gishiri na Bonneville.

Saboda haka a tseren hanya doka ta hana mai keke fakewa bayan abin hawa. Matsalar ita ce ba kullum shi yake neman babur ba, babur ne yake nemansa. Kyamara tana bin wanda ake son gani: wanda ya ɓalle, wanda yake gaba, shahararre, ɗan ƙasa. Masu binsa a baya sau da yawa babu kowa a gabansu sai iska. Ga shi kuma babu mai tsere da zai ga babur ya zo gabansa ya kauce don tsoron Allah. Zai gyara zama ne a bayansa ya yi kamar bai lura ba. A nan nake ganin an fi cutar ƙananan masu tsere, waɗanda kyamara ba ta san da su ba.

Wannan ba ya nufin babur ne ya ba Pogacar nasara a Kigali. Tseren nan kilomita 267.5 ne, hawan da ke cikinsa idan aka tara ya haura mita 5,000, ya yi sama da kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai, kuma cikin waɗanda suka tashi mutum 30 ne kawai suka kai ƙarshe. A kan tudu gudu yana raguwa, amfanin laɓewa ma yana raguwa. Inda abin yake cizo shi ne shimfiɗaɗɗiyar hanya da gangara, da tseren da ake raba shi da tsawon taya.

Wani lokaci ba taimako ba ne, tare hanya ne

Ranar 15 ga Yuli 2023, a gasar Tour de France, a kan dutsen Joux Plane, sakan 9 ne tsakanin Jonas Vingegaard na Denmak da Pogacar, kuma akwai kyautar 'yan sakan da ake rage wa lokacin wanda ya fara kaiwa ƙololuwa. Saura kamar mita 500 Pogacar ya miƙe kan feda ya zabura, sai ya tarar da babura biyu, na talabijin da na mai hoto, sun toshe hanya, jama'a sun matse su babu inda za su. Dole ya ja birki. Vingegaard ne ya fara kaiwa. Hukuncin da aka yi wa masu baburan: dakatarwar kwana ɗaya da tarar kuɗin Suwizalan 500.

Wanda ya fi wannan ban dariya da ban tausayi ya faru ranar 14 ga Yuli 2016 a dutsen Ventoux, shi ma a Tour de France. Cunkoson 'yan kallo ya tsayar da babur ɗin kyamara cak, Richie Porte ya daki bayansa da fuska, Bauke Mollema da Chris Froome suka faɗa kansa, wani babur daga baya ya karya keken Froome. Sai ga Froome, mai rigar ɗorawa, yana gudu da ƙafa a kan dutse, da takalmin keke mai ƙarfe a tafi, yana waige yana neman wanda zai ba shi abin hawa. Alƙalai daga baya suka gyara masa lokaci, rigar ta zauna a jikinsa.

Wannan shekarar ta 2016 ba ta tsaya a dariya ba. A watan Maris, a tseren Gent-Wevelgem, wani matashi ɗan Beljiyam mai shekara 25, Antoine Demoitié, ya faɗi, babur da ke bayansa ya afka masa, ya rasu a asibiti a birnin Lille. Wata biyu bayan haka, a tseren zagayen Beljiyam, babura biyu suka yi karo suka faɗa cikin ayari. Stig Broeckx ya yi watanni bai san inda kansa yake ba, ya rayu amma bai koma tsere ba. A 2020, a tseren Flanders, Julian Alaphilippe yana cikin mutum uku na gaba ya daki babur ɗin alƙalai da ya rage gudu a gefen hanya, ya karye a hannu.

To me ya hana a kore su?

Kuɗi. Wasan ƙwallo yana da ƙofa da tikiti, tseren hanya ba shi da su. Mutum zai ɗauki kujerarsa ya zauna a bakin titi ya kalli manyan duniya suna wucewa bai biya ko sisi ba. Kuɗin yana fitowa ne daga tashoshin talabijin, da garuruwan da suke biya a tashi ko a sauka a cikinsu, da kamfanonin da sunayensu suke jikin riguna. Ƙungiyoyin ma sunan masu ɗaukar nauyinsu suke amsawa. Kamfani ba zai zuba kuɗi ba sai an ga sunansa a ƙirjin mai tsere, kuma jirgi mai saukar ungulu daga sama ƙoƙon kai kawai yake nunawa. Fuska, zufa, haƙoran da aka cije, sunan kamfani: duk babur ne yake kawo su. Yuro 500,000 da gwarzon Tour de France yake karɓa, ta bayan wannan babur ɗin suka biyo.

Shi ya sa kowane ɓangare yake da bakin magana. Masu tsere suna cewa a rage yawan baburan, a nisanta su, a riƙa ɗaukar hoto daga baya ko daga gefe. Masu shirya gasa suna cewa yawancin baburan na tsaro ne, in an cire su wa zai tsaya da tuta a gaban shingen tsakiyar titi ya gargaɗi ayari? Direbobin suna cewa mai tsara shiri yana kunnensu yana neman a matso, alƙali yana daga gefe yana cewa a ja baya, 'yan kallo sun bar musu hanyar da ba ta fi faɗin tabarma ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tsaurara ƙa'idojin tuƙi a cikin tsere bayan 2016, sannan daga farkon 2025 ta kawo katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa irin na ƙwallo, wanda yake hawa kan direbobin babura da motoci kamar yadda yake hawa kan masu keke. An kuma fara gwada ƙananan jirage marasa matuƙa wajen ɗaukar hoto, sai dai batirinsu da haɗarin faɗowa kan jama'a ba su bari sun maye gurbin babur a tafiyar awa biyar ba.

A ganina dakatarwar kwana ɗaya wasa ne. Mai tsere ya yi shekara yana shiri, a ɓata masa cikin sakan uku, wanda ya ɓata ya huta ranar Lahadi ya dawo aiki.

Batun injin ɓoye

Injiniya ya kuma tambaye ni ko ba a ɓoye inji a cikin keken. An taɓa kamawa: a Janairun 2016, a gasar duniya ta tseren cikin laka a Zolder, an samu ƙaramin inji mai batir a keken wata matashiya 'yar Beljiyam, aka dakatar da ita shekara shida. Tun daga nan ake bincikar kekuna da na'urar maganaɗisu da ta hoton ƙashi. Zargin da ya fi wannan nauyi a tarihin wasan na ƙwayoyi da ƙarin jini ne, wanda ya sa aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa bakwai na Tour de France a 2012.

Mu da muke kallo daga nan

Ɗan babur da yake raina keke don babu ƙara babu hayaƙi, yana da hujjarsa: a MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, Brad Binder na Afirka ta Kudu ya taɓa kaiwa kilomita 366 a awa a filin Mugello na Italiya. Amma shi yana cikin rigar fata mai jakar iska, a filin da aka zuba tsakuwa a gefe don mai faɗuwa. Mai keke yana gangara a titin kowa da kowa, a kan taya mai faɗin yatsa biyu, cikin rigar da ba ta fi singileti kauri ba. Hular kwano ma sai a 2003 aka wajabta musu ita, bayan rasuwar Andrei Kivilev na Kazakistan a tseren Paris-Nice.

Abin da nake tsoro shi ne kwaikwayo. Yaran da suke manne wa bayan tirela ko tifa da keke ko da roba-roba sun gano ilimin Blocken ba tare da sun ji sunansa ba, sai dai direban tirela bai san da su ba, ba ya ganinsu a madubi, kuma ba zai yi musu sigina kafin ya taka birki a gaban rami ba. A tsere an rufe hanya, direba ya san da wanda ke bayansa, likita yana biye, amma duk da haka an ga abin da ya faru da Demoitié. Ƙasashen da suke shirya nasu tseren, kamar Burkina Faso da take yin Tour du Faso tun 1987, da duk wata jiha da take sha'awar farawa, wannan ne wurin da ya fi cin kuɗi da horo: ba kekunan ba, masu rakiyar.

Da Injiniya ya gama ɗaure cenin, na nuna masa wata dabara ta kallo. Na ce duk lokacin da ka ga fuskar mai tsere sosai a allo, har kana ganin zufa tana ɗiga daga haɓarsa, ka tambayi kanka ina mai kyamarar yake tsaye. Ya karɓi wayar, ya mayar da bidiyon baya, ya ƙura ido. Can ya ce, "A gabansa yake, wallahi. Mita nawa ka ce ma?"